Daga Sawun Zaki Zuwa Hotonsa

Hoton zaki ya cika ƙasar Hausa a lokacin da zakin kansa ya ƙaurace mata. Ana ganin zanensa a bayan manyan motocin da ke lodin rake a Makarfi, ana ganin hotonsa a kalandar shagon tela a Hunkuyi, da fuskar wayar samari a tashar motar Ikara. Kusan duk hotunan nan daga nesa suka zo, daga Sarangeti ta Tanzaniya, ko Masai Mara ta Kenya, ko gandun dajin Afirka ta Kudu. Zakin da kakannin mutanen wannan yanki suka yi maƙwabtaka da shi ya bar dajinsu da daɗewa, har aka haifi 'ya'ya da jikoki da ba su taɓa jin rurinsa da dare ba. Sana'ar ɗaukar hoton namun daji ta iso hannun mutanen nan a makare, bayan babban abin ɗaukan ya riga ya tafi.

Ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan yanki ce na shimfiɗaɗɗen dajin da ya miƙe daga Senegal zuwa Tafkin Chadi, dajin gamba da doka da ɗorawa da kaɗanya, mai kurmi a bakin kowane rafi. Irin wannan daji shi ne gidan gwanki da kanki da mariya da ɓauna da gadu, kuma inda waɗannan suke, nan zaki yake kwana. Rayuwar mutanen da ta ginu da sanin haka. Ayarin fatake ba ya yada zango sai an tara itace an hura wuta. Bafulatani yana kewaye shanunsa da ƙaya kafin magariba, ya kwana kunnensa na waje. Rurin zaki yana kai wa nisan kilomita 8 idan dare ya yi tsit, kuma waɗanda suka ji shi sukan ce a ƙirji ake fara jinsa kafin kunne. Daga nan ne zaki ya shiga bakin mutane: shi ne manyan dawa a tatsuniya, shi Gizo yake yi wa wayo, da sunansa dogarai suke gaishe da sarki a fada. Sai dai zaman ba na daɗi ba ne. Makiyayin da ya wayi gari ya tarar da ragowar karsanarsa a bakin kurmi bai ga wata sarauta a lamarin ba, asara kawai ya gani.

Mutumin da ya fi kowa sanin wannan daji shi ne maharbi. Yana da kwari da baka, da dafin da ake haɗawa da ƙwayar kwankwani, daga baya kuma bindigar toka. Yana da Sarkin Baka da yake yi wa biyayya, da makaɗin komo da yake zuga shi, da gangi da ƙaho na ranar farautar gayya. Amma jarinsa na gaskiya ido ne da kunne da haƙuri. Idan ya duƙa a kan sawu a danyar ƙasa, ya san na zaki ne ko na kura: zaki yana tafiya da farcensa a ɓoye, don haka sawunsa zagayayye ne ba alamar farce, kura kuwa farcenta yana fita a kowane taku. Yakan ɗebi toka ko ƙura ya saki don ya ga inda iska ta nufa, ya zagayo ta inda warinsa ba zai isa ga nama ba. Idan ungulai suka yi ta shawagi a wuri ɗaya suka ƙi sauka, ya san mai naman yana nan kwance kusa. Idan gwaggon biri ya yi haushi daga kan bishiya, ya san abin da ya gani. Wannan ilimi ba a rubuce yake ba. Daga uba zuwa ɗa yake tafiya, da asuba, cikin raɓa da ƙamshin ciyawar da aka ƙone jiya.

Tafiyar zaki ba ta faru a rana ɗaya ba, kuma ba hannu ɗaya ya kore shi ba. Layin dogo daga Zariya ya isa Kano a 1911, ya ratsa ta Likoro da Gimi, ya buɗe kasuwar auduga da gyaɗa, gonaki suka fara cin daji. A 1937 gwamnatin mulkin mallaka ta fara shirin Anchau, maƙwabciyar Ikara, don yaƙi da ciwon barci da ya addabi yankin. Aka sare kurmin bakin rafuffuka inda ƙudan tsando yake fakewa, a wani zirin ƙasa mai tsawon kusan mil 70, aka tashi dubban mutane daga ƙauyuka, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Kurmin da ya ɓoye tsando shi ne kuma mashayar namun daji da mafakarsu a lokacin rani. Daga baya injin ban ruwa ya shiga fadama, noman rani ya bunƙasa, mutane suka ninku, bindiga ta yi araha. Da naman daji ya ƙare, zakin da ya rage sai ya koma kan shanu, makiyaya kuma suka koyi zuba guba a mushe. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da dokar tarayya ta 1985 mai kare dabbobin da ke neman ƙarewa sun zo, amma a irin wannan yanki sun tarar da gona a inda daji yake.

Duk wanda zai yi kukan wannan rashi dole ya fara ƙirga abin da aka samu. Ciwon barci ya daina kwashe ƙauyuka. Fadamun da zaki yake sha a da, yau su suke fitar da rake da mazarƙwaila da tumatir da albasa da ake kai wa har kudancin ƙasa. Mace tana zuwa rafi ba fargabar abin da ke cikin ciyawa. Babu manomin Kudan da zai yarda a mayar da gonarsa kurmi don a dawo masa da zaki, kuma gaskiyarsa ce. Kuskuren da aka yi shi ne ba a bar wa dajin wani kaso mai tsaro ba. Dajin Falgore, wanda ke gabas da Ikara a cikin jihar Kano, da gandun Kamuku na Birnin Gwari, su ne ya kamata su zama wannan kaso. Dukansu biyu sun fi yin suna da ɓarayin shanu da 'yan bindiga a shekarun baya-bayan nan fiye da namun daji.

Girman asarar ya fito fili a watan Janairun 2014, lokacin da masu bincike ƙarƙashin jagorancin Philipp Henschel na ƙungiyar Panthera suka fitar da sakamakon aikin shekara shida. Sun duba gandun daji 21 na Afirka ta Yamma da ake kyautata zaton akwai zaki a cikinsu, suka same shi a guda huɗu kacal: Niokolo-Koba a Senegal, haɗakar gandun W da Arly da Pendjari a kan iyakar Nijar da Burkina Faso da Benin, sai Kainji da Yankari a Nijeriya. Jimillarsu a lokacin kusan 400, manyan da suka isa haihuwa ba su kai 250 ba, na Nijeriya gaba ɗaya ba su kai 50 ba. Ƙasar da suke takawa ta koma kusan kashi ɗaya cikin ɗari na wadda suka mallaka a da. A 2015 hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka su cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa. Kuma wannan zaki ba irin na kalanda ba ne. Gezar namijinsa ba ta da yawa, wani ma kusan babu, garkensa ƙarami ne, kuma binciken jini ya nuna ya fi kusa da zakin dajin Gir na Indiya a kan na Sarangeti.

Ita kuwa kyamara, tare da bindigar mafarauta ta shigo dajin Afirka. A farautar da tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya yi a Gabashin Afirka daga 1909 zuwa 1910, shi da ɗansa sun harbe zaki 17. A wannan shekara ta 1909 wani Bature mai suna Radclyffe Dugmore ya riƙa kwana cikin shingen ƙaya kusa da mushe, yana ɗaukar hoton zakuna da hasken hodar da ake kunnawa ta yi walƙiya. A hankali hoto ya rinjayi harsashi. Kenya ta hana farautar manyan namun daji a 1977, yau kuma baƙin da ke cika motoci a Masai Mara kyamara ce a hannunsu. Zaki mai rai ya zama dukiyar da ake ci kowace shekara, ba fatar da ake shimfiɗawa sau ɗaya ba.

A garuruwan arewacin Zazzau kuwa, hoto na mutane ne. Mai hoto yana yawo a keke ranar Sallah ko gidan biki, da Yashica rataye a wuya da fim mai ɗaukar hoto 36. Ba ya danna maɓalli sai ya tabbata, domin kowane danni kuɗi ne. Sai fim ya cika a kai Zariya ko Kano a wanke, a dawo bayan kwanaki a ga wanda ya fito da wanda ya ƙone. Yau kowane aljihu da kyamararsa, ana ɗauka ana gogewa ba asara. An huta da jira da ɓarnar kuɗi, amma an rage tsayawa a duba kafin a danna, kuma wannan tsayawar ita ce rabin aikin mai ɗaukar namun daji.

Ga mutumin Ikara da ke son ganin zaki a dajinsa, wuri mafi kusa shi ne Yankari a jihar Bauci. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya zama gandun tarayya a 1991, ya koma hannun jiha a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Lokacin zuwa shi ne rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta kwanta, dabbobi suka taru a kwarin kogin Gaji. Baƙon da ya sauka a sansanin Wikki zai ga gwaggon biri da gadu da gwambaza, watakila giwa da ɓauna, amma zakunan da suka rage 'yan ƙalilan ne, ganinsu sai babban rabo. Shi ya sa yawancin 'ya'yan yankin suke fara haɗa ido da zaki a gidan zu na Kano ranar yawon Sallah, ta bayan ƙarfe.

Ka'idar ɗaukar hoton zaki ɗaya ce ko a Yankari ko a Sarangeti, kuma daga halin dabbar take farawa. Zaki yana iya kwashe sa'a 20 a rana yana kwance. Motsinsa na sassafe ne da dab da magariba, lokacin da haske ya fi taushi, amma kuma ya fi ƙaranci. Da tsakar rana inuwa tana cika masa kwarmin ido, zafi yana sa iska ta yi kawalwalniya, hoton nesa ya fito a dagule ko da kyamarar ta miliyoyi ce. Ana buƙatar dogon gilashi mai jawo nesa kusa, daga milimita 300 zuwa 600, domin ba a sauka daga mota. A nan ne waya take gazawa: idan an ja zum ɗinta, yawanci hoton kawai take shimfiɗawa, ba ta ƙara masa komai.

Abubuwa uku ake daidaitawa, kowanne yana cin na ɗan'uwansa. Na farko saurin ƙiftawar kyamara, wato shota. Zakin da ke kwance, 1/500 na sakan ya ishe shi da gilashi mai milimita 400, domin rawar hannu ma dogon gilashi yana girmama ta. Idan ya tashi yana tafiya a kai 1/1000, idan zakanya ta zabura bayan nama ko 'ya'ya suna kokawa a kai 1/2000. Na biyu ƙofar haske. Idan aka buɗe ta zuwa f/4 ko f/5.6, haske yana shiga da yawa, ciyawar baya ta narke, zaki ya fito shi kaɗai. Idan uwa ce da 'ya'yanta, wasu gaba wasu baya, a tsuke zuwa f/8 don kowa ya fito sarai. Na uku ISO, ma'aunin yadda kyamara ke jin haske. Da hantsi 200 ko 400 ya isa, da asuba kuwa sai an hau 1600 zuwa 6400, hoton ya ɗan yi yashi-yashi. Masu sana'a sun fi yarda da hoto mai yashi a kan mai rawa, domin yashi yana gyaruwa, rawa ba ta gyaruwa. Mutanen fim ba su da wannan sauƙi: wanda ya ɗura Kodachrome 64 ya ɗaure kansa da lamba 64 har fim ya ƙare. Yau da yawa sukan kafa shota da ƙofar haske da hannu, su bar ISO ya riƙa canja kansa.

Saura ƙananan dabaru ne, amma su suke raba gwani da ɗan koyo. Fokas a kan ido ake ɗora shi, kuma a bar shi a kan tsarin da ke bin abu mai motsi. Launin zaki da na busasshiyar ciyawa ɗaya ne, don haka kyamara takan kama karan gamba da ke gaban fuskarsa ta bar idon, sai an taƙaita mata wurin kamu zuwa ɗigo ɗaya. Ana cika ƙaramar jaka da wake ko shinkafa a ɗora a tagar mota a kwantar da gilashi a kai, a roƙi direba ya kashe inji. A lokacin hunturu ba a canja gilashi a fili, domin ƙurar da ta shiga ciki za ta fito ɗigo-ɗigo a kowane hoto. Ba a haska masa fitila a ido, ba a yi masa ihu ko jifa don ya waiwayo. Kafin ya miƙe, zaki yakan yi hamma, ya yi miƙa, ya lashi ƙafa. Wanda ya san haka yatsansa yana kan maɓalli tun kafin abin ya faru. Michael Nichols, wanda ya lashe babbar gasar hoton namun daji ta gidan tarihin halittu na Landan a 2014 da hoton zakanyoyi biyar da 'ya'yansu kwance a kan dutse a Sarangeti, ya yi watanni yana bin garken har suka saba da shi. Aikin maharbi ne sak, da sawu da iska da zaman jira. Abin takaici shi ne masu wannan ilimi a nan suna ƙarewa ba a haɗa su da masu kyamara ba.

Wankin hoto ya tashi daga ɗakin duhu ya koma kwamfuta da waya. Wanda ke son gyara mai kyau yakan ɗauka a tsarin RAW, wanda ke adana duk abin da kyamara ta gani, maimakon JPEG da ya riga ya zubar da wani abu. A manhaja irin Lightroom ko Snapseed ana fara gyara launin haske, a sauke inda ya yi ƙuna, a ɗaga inuwar da ta rufe ido. Hazon hunturu yana sa hoto ya yi fari-fari, sai a ƙara masa kauri kaɗan. A rage yashi, a ƙara kaifi a kan ido da gashin baki, a yanke gefen da bai da amfani, a bar fili ta inda dabbar take kallo. Gyara kamar gishiri ne a miya, idan aka ji shi to ya yi yawa. Laifin da ya fi yawa shi ne cika launi har zaki ya koma ja kamar manja, alhali launin ƙasa ne da shi.

Akwai iyaka tsakanin gyara da ƙarya, kuma manyan gasa suna tsare ta, har sukan nemi asalin RAW su gwada. A 2010 gasar Landan ta ƙwace kyautar da ta ba wani hoton kyarkecin Turai bayan alƙalai sun gamsu cewa dabbar ta gida ce, a 2018 kuma ta soke wani bayan an gano dabbar cikinsa gawa ce da aka cusa wa kaya. Yanzu kuma ƙirƙirarriyar basira tana zana zakin da bai taɓa numfashi ba. Ba sabon abu ba ne a ga hoton wata ƙasa yana yawo a WhatsApp da Facebook ana cewa zaki ya fito a ƙauye kaza, mutane su hana 'ya'yansu zuwa gona. A da ana cewa gani ya kori ji, yanzu ganin ma sai an bincike shi. Ƙara wa zakin Yankari geza don ya yi kama da na kalanda, ko goge ƙarfen gidan zu a ce a daji aka ɗauka, cin amanar mai kallo ne, kuma yana rufe ainihin halin da dabbar take ciki.

A Afirka ta Yamma amfanin hoton zaki ya wuce ado, shaida ne. Tun 1970 masu bincike biyu, Pennycuick da Rudnai, suka nuna cewa ɗigogin da ke gindin gashin bakin zaki sun bambanta daga wannan zuwa wancan, don haka hoton fuska mai kaifi, ta dama da ta hagu, yana iya tantance kowane ɗaya. Masu gadin daji a Yankari, inda ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta fara aiki a 2009, suna ɗaure kyamarar tarko a jikin bishiya, wadda ke ɗauka da kanta idan wani abu ya gifta. Hotunanta ba su da kyan da za a rataye a falo, amma su suke tabbatar da cewa zakanya kaza tana raye. Saboda haka ne ma ake so mai hoto ya goge bayanin wurin da kyamara ko waya ke maƙalawa a jikin hoto kafin ya saka shi a intanet, domin masu neman kitse da fatar zaki su ma suna da waya.

Matashin Makarfi ko Kudan da ke sha'awar wannan sana'a ba sai ya jira kuɗin jirgin Kenya ba. Fadamarsa tana da belbela da zalɓe da shamuwa da shaho, kuma saitin da ke kama shaho a sama shi ne ke kama zakanya a guje. A kusan kowace gunduma akwai sauran tsofaffin maharba da suka san sawu da iska. Ya kamata a zauna da su da kyamara da rikoda tun suna da rai, sannan a matsa wa hukumomi su tsare Yankari da Kainji, domin su ne wurare biyu da binciken 2014 ya sami zaki a duk faɗin Nijeriya.